Ɗan Farin Sarki Barmo

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Sarki Barmo na Kandaru, da tsakiyar bazara, Sarkin Dabsa ya ƙetaro iyaka da mayaƙansa ya kewaye Garun Ƙaya. Garun Ƙaya shi ne garin Kandaru na ƙarshe ta gabas, kuma mai riƙe da shi Ciroma Nomau ne, ɗan farin Sarki. Ganuwar garin tana da kauri, rumbuna cike suke da gero. Waɗanda suka kafa shi sun yi tunanin komai ban da ƙishirwa, domin rijiyoyin duk a wajen ganuwa suke. A ciki kududdufi ɗaya ne, shi ma ba don ruwa aka haƙa shi ba, ƙasar gini aka ɗiba.

Wani manzo mai suna Cindo ya sulale ta wuriyar ganuwa, ya yi kwana uku a hanya, ya iso fada leɓɓansa a tsage. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ranar da ya baro garin an auna kududdufin da gora, an ga ruwan zai kai kwana ashirin idan ba a shayar da dawakai ba. Ya ce mai riƙe da garin yana neman gudummawa.

Madawaki Gagare, shugaban mayaƙan Kandaru, ya yi lissafi tun Cindo bai rufe baki ba. Kwana uku sun tafi, runduna kuma kwana biyar take yi zuwa Garun Ƙaya. Akwai lokaci, har da rara. Ya gyara zama yana jiran Sarki ya ce a buga tambari, domin a Kandaru doki ɗaya ba ya fita yaƙi sai an buga shi. Sarki ya dubi rufin soro, ya ce a kai manzo ya huta. Daga nan aka shiga ƙarar wasu masunta biyu da suka yi rigima a kan koma.

Dole a koma baya kaɗan, in ba haka ba za a ɗauka Barmo azzalumin uba ne. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Gidan sarautar Kandaru ne kawai suka ɗauki wannan kunya suka mai da ita doka. Asalin abin daga kakan kakansu ne, Sarki Nagoma, wanda ya so ɗansa na fari, Jatau, har yana ɗora shi a cinya a zauren fada yana ba shi nama a baki. Jatau ya girma ya kashe ƙannensa biyu, ya kulle uban a ɗaki har ya mutu. Dattawan gidan suka zauna suka yi nazarin wannan masifa, ba su ga laifin kowa ba sai na cinya. Tun daga nan, da an yaye ɗan fari sai a miƙa shi ga wan uban ko ƙaninsa ya riƙe. Uba ba zai ambace shi ba, ba zai aika masa da kyauta ko gaisuwa ba, ba zai yi masa wani alheri da kansa ba. In ɗan fari yana da buƙata a wurin Sarki, uban riƙonsa ne zai kawo ta, ya durƙusa a tsakiyar fada ya yi afi, wato ya ɗebi ƙasa ya zuba a kansa, ya roƙa. Sarki kuma ya yi kamar an matsa masa, ya amince.

Uban riƙon Nomau shi ne Galadima Tunau, wan Sarki uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinsu ya rasu, masu zaɓen sarki suka tsallake Tunau suka naɗa Barmo, wai Tunau yana da riƙo a zuciya. Tunau ya shafe shekara goma sha ɗaya yana tabbatar musu da cewa sun yi gaskiya. Kullum yana zuwa fada, ya yi jinjina daga tsaye, ya zauna a wurinsa, ba ya cewa uffan. Gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa a gaban ƙaninsa ba ko sau ɗaya.

Washegari Madawaki ya nemi izinin magana.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Zaki, ni bawan gidan nan ne, ubana ya riƙe wa ubanka linzami. Ban zo da maganar ɗan kowa ba. Na zo da maganar gari. Garun Ƙaya garin Sarki ne, a cikinsa akwai mutum dubu huɗu masu kiran sunan Sarki, akwai mata masu shayarwa. In ya faɗi, babu wata ganuwa tsakanin Dabsa da ƙofar gidan nan. A ba ni tambari, in dawo da takalman Sarkin Dabsa."

Fadawa suka ce gaskiya ne. Sarki ya ɗan sunkuyo, har aka ga kamar zai buɗe baki. Sai Sarkin Fada Rabo, wanda al'adun gidan ke hannunsa, ya yi gyaran murya. Rabo ba mugu ba ne, mutum ne da ya haddace abu ɗaya a duniya, kuma ba ya son a yi asararsa. Ya bayyana cewa gari da mai riƙe da shi ba sa rabuwa, duk ruwan da aka kai wa Garun Ƙaya zai bi ta maƙogwaron wanda ba a ambata. Ya kawo misalin sarakuna uku da aka yi irin wannan a zamaninsu, kowanne sai da uban riƙo ya yi afi. Ya ce hanya a buɗe take, ga mai ita nan zaune.

Kowa ya juya ya dubi Galadima, har Sarki. Galadima ya dubi yatsun ƙafarsa. Aka tashi.

Kwana na biyu ungulaye suka sauka a kan ƙofar fada. Aka kira malamin duba, ya buga ƙasa, ya ce a yanka baƙin sa. Aka yanka a nan bakin ƙofa, ungulayen suka ninka, malamin ya ce alama ce an karɓa. Wannan ya cinye yini guda.

Madawaki ya tafi gidan Galadima da rana tsaka. Ya same shi a zaure ya rame, akushin tuwo a gefe ba a taɓa ba. Ya yi masa magana a hankali, ya tuna masa shi ya fara ɗora Nomau a kan doki, shi ya yi masa aure, kuma ba shi da wani ɗa namiji a duniya sai shi. Tunau ya ce ba ya buƙatar a tuna masa, shi ya yi jinyar yaron lokacin da ya yi agana, Barmo kuwa ko ƙofar gidan bai tako ba. Ya ce yanzu lokaci ya yi da Barmo zai nuna wa duniya ko uba ne ko kuwa rawani ne kawai.

"Ranka ya daɗe, ƙasa ce tafi ɗaya," in ji Madawaki.

"A kanka tafi ɗaya ce. Ka taɓa durƙusa wa wanda ka koya wa tsarki?"

Da la'asar Sarki ya kira Madawaki shi kaɗai. Ya tambaye shi lafiyar dawakai, ya tambayi kibau, ya tambayi ko kududdufi irin na gabas yana saurin ƙafewa, don sani kawai. Can ya ce ko Cindo ya bar mutanen garin lafiya. Madawaki ya ce lafiya. Sarki ya ce, "Har manyansu?" Madawaki ya ce har manyansu, sannan ya roƙe shi ya ce a buga tambari kawai, Rabo ya yi ta gyaran murya har ya gaji. Sarki ya ce sarakuna shida sun riƙe wannan doka, waɗansunsu sun binne 'ya'ya a kanta, ba shi zai zama wanda za a riƙa ba da labarinsa tare da Nagoma ba. Ya ƙara da cewa Yaya Tunau ya fi kowa son yaron, zai sauko, a ba shi kwana ɗaya ko biyu. Madawaki ya fito yana tunanin cewa bai taɓa ganin mutum biyu da suka yarda da ƙaunar juna ga yaro ɗaya kamar waɗannan ba, kowanne yana jiran ta kayar da ɗan'uwansa.

A kwana na biyar ya je wurin Magajiya Dela, ƙanwar Sarki da Galadima, wadda ita kaɗai ce a Kandaru take iya zagin su biyun ta kwana lafiya. Ta ce ta je wurin kowannensu sau uku, ta yi kuka, ta yi zagi, ta kira sunan uwarsu, babu wanda ya motsa. Ta ce tun suna yara haka suke, an taɓa ba su ƙwaryar fura ɗaya, kowa ya ce ɗaya ya fara miƙo masa, har ƙuda ya faɗa ciki.

"Madawaki, gidanmu gidan kirki ne," in ji ta. "Uba yana iya dukan ɗan fari, ya kore shi, ya tuɓe shi, babu mai cewa don me. Abin da ba a yarda ba shi ne ya tambaya ko ya ci abinci."

Madawaki ya tsaya da goro a hannu. Ya sa ta maimaita, sannan ya faɗa mata abin da ya faɗo masa. Idan aka tuɓe Ciroma daga Garun Ƙaya aka ba wani, garin ya daina zama nasa, runduna tana iya tafiya rakiyar sabon mai gari, ta kori Dabsawa a hanya. In ƙura ta lafa a mai da masa rawaninsa. Magajiya ta ce dabara ce irin ta maza, tana da ƙafafu amma ba ta da ciki. Ta tambaye shi ko ya yi tunanin yadda yaron zai ji. Ya ce za a yi masa bayani, kuma gara ya ji haushi da ransa.

A kwana na shida ya kawo maganar fada. Ya ce Ciroma ya yi sakaci har abokan gaba suka kai ga rijiyoyi, ya cancanci a tuɓe shi. Rabo ya rufe ido ya bi sarakuna shida ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ya ce babu abin da ya hana, har ya yaba wa Madawaki da sanin al'ada. Sarki ya gane inda aka dosa. A karon farko cikin kwana shida fuskarsa ta washe, ya tuɓe ɗansa da murya mai ƙarfi kamar mai yi masa albishir, ya ba Madawaki riƙon Garun Ƙaya. Galadima Tunau ya miƙe ya fita ba jinjina.

Sai Rabo ya sake gyaran murya. Ya ce ba a aika wa ɗan sarki runduna kafin a sanar da shi an tuɓe shi, in aka yi haka an kai masa yaƙi ke nan. Dole manzo ya tafi da sandar Sarki, a bayyane, ya tsaya a ƙofar gari da rana ya faɗi saƙon kowa ya ji. Runduna ba za ta fita ba sai an ƙiyasta ya isa, kwana uku. Madawaki ya sake lissafi. Tara sun tafi, uku na jira, biyar na tafiya, sha bakwai. Saura uku. Ya haɗiye abin da ya zo masa baki, ya ce ya ji.

Ya bi Galadima gida ya roƙe shi ya haɗa Cindo, wanda za a aika da sandar, da kalma ɗaya, tunda shi uban riƙo ne, Nomau zai yarda da maganarsa. Tunau ya ce waɗanda suka tuɓe masa ɗa a gaban idonsa su suka san bayanin da za su yi. Saboda haka Madawaki ya ja Cindo gefe, ya ce masa da ya gama shelar ya shiga gari, ya keɓe da Ciroma, ya gaya masa gaskiyar magana, ya ce ya daure kwana biyar. Ya sa shi ya maimaita sau uku.

Da kwana ukun suka cika aka buga tambari. Madawaki ya kwashe duk wani mai iya riƙe mashi, don yana so a yi ta sau ɗaya a gama. Aka bar wa birni dogarai ɗari biyu da tsofaffin da ke gadin ƙofofi. Suka bi babbar hanya ta fadama, ba su tsaya ba sai don dawakai.

Da hantsin kwana na sha bakwai da auna kududdufi suka hango sansanin Dabsa, bukkoki birjik, hayaƙi yana tashi, ana ta kiɗan ganguna. Madawaki ya raba runduna uku, ya sa 'yan baka a tsakiya, 'yan lifidi suka zagaya ta hagu, shi ya faɗa ta dama. Dabsawa suka harba kibau sau biyu suka watse. Kafin rana ta take an gama, mutum bakwai kawai Kandaru ta rasa. Mayaƙa suka shiga kirari suna kwasar tukwane. Madawaki ya bi bukkokin yana leƙawa, yawancinsu babu ko tabarma. Waɗanda aka kama ba su kai ɗari uku ba, rabinsu makaɗa ne. Ya yi shekara talatin yana yaƙi, bai taɓa jin tsoron nasara ba sai ran nan.

A wata bukka aka sami Cindo ɗaure da turke, ya yi ƙiba. Ya ce da ya iso da sanda a hannu aka kai shi gaban Sarkin Dabsa, aka tambayi saƙonsa, shi kuwa saƙon shela ba a ɓoye shi. Sarkin Dabsa ya yi dariya har ya yi tari, ya ba shi riga, ya haɗa shi da mahaya ashirin da mai kakaki, don kada wani a kan ganuwa ya ce bai ji ba. Cindo ya faɗi saƙon sau uku kamar yadda aka saba. Da ya nufi ƙofa zai shiga, sai aka kama linzaminsa aka juyo da shi. Ya yi ihu yana cewa akwai sauran magana, mai kakaki ya busa a kansa. Washegari da safe aka buɗe wa Dabsawa ƙofar gari.

Madawaki ya hau ya nufi ganuwa da mutum goma. Ƙofa a rufe take. Kibiya ɗaya ta sauka gaban dokinsa, ya ja linzami. A kan ganuwa mutanen Garun Ƙaya ne tsaye kafaɗa da kafaɗa da Dabsawa. Can Nomau ya leƙo, ba rawani a kansa, ya yi baƙi ya bushe.

"Sannu da zuwa, Baba Madawaki. An ce kai ne sabon mai gari."

Madawaki ya ɗaga murya ya yi masa bayani tun daga farko, yadda aka rasa mai afi, yadda Rabo ya hana, yadda aka tuɓe shi don a sami hanyar cetonsa. Dabarar da ta yi kyau a zauren fada, da aka faɗe ta da ƙarfi a gindin ganuwa sai ta fito wata iri. Wani Badabshe ya yi dariya, Nomau ya dube shi, dariyar ta tsaya.

"Ranar da Cindo ya zo, mutum tara muka binne da safe," in ji Nomau. "Ruwan ya zama kore, yara ke fara tafiya. Aka ce ga sandar Sarki. Baba, shekarata talatin da huɗu, ban taɓa samun saƙo daga gare shi ba. Na sa aka ɗebo ruwan shana na yini na wanke fuska, na naɗa rawani, na hau nan in ji."

Nomau ya tambaya ko Baba Tunau ya san da dabarar. Madawaki ya ce ya sani. Nomau ya tambaya ko ya aiko da wata magana. Madawaki ya so ya yi ƙarya, ya ga ba ta da amfani, ya ce bai aiko ba.

Nomau ya daɗe yana kallon rundunar da ta cika fili, dawakai da tutocin gidansu. Ya ce ya yarda da maganar, ta yi kama da su. Amma ya riga ya rantse wa Sarkin Dabsa cewa wannan ƙofa ba za ta buɗe wa Kandaru ba, a kan haka aka bar mutanensa suka sha ruwa, kuma ba zai karya rantsuwar da aka cika masa ba saboda alherin da aka ɓoye masa.

Madawaki ya ce to ina Sarkin Dabsa, ina sauran mayaƙansa.

"Ban rantse zan ɓoye maka wannan ba. Yau kwanansa uku da tashi, da mutum dubu shida. Ta kwazazzabon arewa ya bi, shi ya sa ba ku haɗu ba. Ni na ba shi 'yan jagora. Wa kuka bari a birni?"

Nomau ya karanta amsar a fuskar Madawaki. Ya dafa ganuwa da hannu biyu ya sunkuyar da kai.

Madawaki ya juya dokinsa, ya ce a busa ƙaho a tara mutane, a zubar da duk abin da aka kwasa. Sai da aka busa sau huɗu kafin masu kirari suka ji. Tsakaninsa da Kandaru kwana biyar ne, da dawakan da suka gaji. Tsakanin Sarkin Dabsa da Kandaru kwana biyu.